Labarin Mai Fito A Shekarar Da Kogi Bai Zo Ba

Shekarar da kogi bai zo ba, ina koyarwa a ƙaramar firamaren ƙauyenmu, tsakanin Auyo da Haɗeja. Ba ni da takardar malanta. Aji bakwai na gama aka ɗauke ni saboda ƙarancin malamai, na shekara huɗu ina koya wa 'yan aji biyu baƙaƙe da lissafi.

Mu masunta ne kaka da kakanni. Kowace shekara in damina ta yi nisa ruwa kan taho daga yamma ya malale fadama, har sai da kwale-kwale ake zuwa makaranta. Wannan shekarar leƙo bakin gaɓa kawai ya yi ya koma. Shinkafa ta bushe a tsaye. Kwale-kwalen mahaifina yana kife a kan busasshiyar laka, ya lulluɓe shi da zana don kada rana ta tsaga shi. Mu goma sha ɗaya ne a gida, albashina muke ci, a haɗa da badon da mata ke tonowa a sauran tafkunan da ba su ƙafe ba. Matata kuma tana da ciki, na fari.

Ana cikin haka takarda ta zo daga ofishin ilimi. Hedimasta ya kira ni ya karanta mini ita a tsaye. Duk malamin da ba shi da takarda za a sallame shi ƙarshen shekara, sai wanda ya ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. Shi za a ci gaba da ba shi albashi yana karatu. Darasi biyu ne, lissafi da Ingilishi. Lissafi ban damu da shi ba. Ingilishin kuwa a kan wani gajeren labari za a yi shi: a amsa tambayoyi a rubuce, sannan a kira mutum shi kaɗai ya karanta a baka, ya faɗi ma'anar kalmomi.

Na ce, “Saura kwana nawa, ranka ya daɗe?”

Ya ce, “Mako biyar. Littafin kuma guda ɗaya aka aiko wa makarantu huɗu. Kwana shida za ka riƙe shi, ka miƙa gaba.”

Ya ciro shi daga aljihun babbar riga ya ba ni. Ɗan siriri ne mai koren bango, labarin da aka zaɓa shafi goma sha ɗaya. Na buɗe shafin farko a nan gabansa. Layi uku na farko na ci karo da kalma biyar da ban taɓa gani ba. Ingilishin da na sani na aji ne: tashi, zauna, buɗe littafi, wannan akuya ce. Wannan kuwa wani abu ne dabam, jimla ɗaya sai ta yi layi huɗu ba ta tsaya ta huta ba.

Tun da ba zan iya gane shi cikin kwana shida ba, sai na yanke shawarar kwafe shi. Da an tashi daga makaranta sai in zauna a aji ni kaɗai, in yi ta rubutu har la'asar sakaliya, ina kwafar abin da ban san ma'anarsa ba, harafi bayan harafi. Ran na shida yatsuna sun ƙage, amma na gama. Malamin makarantar gaba ya zo a keke ya karɓi littafin, yana duba shi kamar ya ga ko na cinye wani shafi.

Daga nan na bi rubutuna ina ja wa kowace baƙuwar kalma layi, na tattara su a bayan littafin da na yi kwafar a ciki. Suka cika shafi huɗu.

Makarantarmu tana da ƙamus guda ɗaya, yana cikin akwatin hedimasta. Gara ta riga ni zuwa gare shi: ta cinye shi tun daga farko har ƙarshen harafin F. Abin da ya rage kuma Ingilishi ne yake fassara Ingilishi. Ka nemi kalma ɗaya, ya ba ka uku da ba ka sani ba. Ka bi ta farko, ta kai ka wurin da gara ta ci. Kalmar da ta fi yawa a labarin, “ferry”, tana cikin abincin gara. Hedimasta ne ya taimake ni da ita.

Ya ce, “Fito ne. Mutumin mai fito ne, irin na mashigar kogi.”

Wannan kaɗai ya buɗe mini ƙofa. Da kaɗan-kaɗan na gane ƙashin labarin. Wani tsoho ne mai fito a ƙasar Ingila, a inda wani kogi ke shiga teku. Shekara da shekaru yana haye da mutane. Hukuma ta zo ta gina gada, mutane suka daina shiga jirginsa. Aka yi masa tayin aikin karɓar kuɗin hawa gadar, ya ƙi. Iyakar abin da na kama ke nan a makon farko, sauran duk duhu.

Na rubuta kalmomin da gawayi a bangon ɗakinmu, ma'anar da na samu a gefensu, waɗanda ban samu ba na bar gefensu fili. In zan tafi makaranta ta cikin busasshen kogi nake bi, ina maimaita su da ƙarfi. Mata masu tonon bado suka fara cewa ɗan gidan masunta ya taɓu. Matata ba ta yi boko ba, amma ta san waɗanda ke da fili a gefe, kullum sai ta ƙirga su.

“Malam, yau nawa ka kashe?”

“Shida.”

“Jiya tara ka kashe.”

“Na yau masu taurin kai ne.”

Akwai wadda ta ci mini kwana uku. A rubutuna “weavy” take. Labarin ya ce tsohon ya zauna a bakin ruwa yana “weavy”. Na duba ƙamus, babu ita. Akwai wata kusa da ita mai ma'anar saƙa, sai na ce to saƙa yake yi, wataƙila komar kamun kifi yake saƙawa tun da fito ya mutu. Na gina tunani a kan haka, har na fara fassara sauran shafin ta wannan hanya, amma ko'ina na juya sai ya ƙi zama. Babu zare, babu koma, babu kifi. Hedimasta ya duba ya ce bai san ta ba. Ran Asabar na ari kekensa na bi littafin. Ya riga ya bar makaranta ta biyu, yana ta uku, can wajen hanyar Guri. Na isa da azahar, maƙogwarona kamar an zuba toka. Malamin da ke riƙe da shi bai yarda ya sake shi ba, shi ya buɗe mini shafin yana riƙe da gefe ɗaya. Na bi layin da yatsa. Ba V ba ce, R ce. Hannuna ne ya karkace ranar kwafa. Kalmar “weary” ce, kuma da na koma ƙamus na tarar ma'anarta gajiya. Tsohon ba abin da yake saƙawa. Ya gaji ne kawai.

A hanyar dawowa na sauka daga keken a gindin wata tsamiya na zauna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: in na yi kuskure a wannan, guda nawa ne irinta a cikin shafi goma sha ɗaya? Ba ni da hanyar sani. Na so in yi kuka, ko hawayen bai zo ba.

Sai kuma “tide”. Ita tana cikin ƙamus. Ya ce ruwan teku ne da ke tashi ya sauka sau biyu kowace rana. Na karanta sau biyar. Ni ɗan masunta ne, na san ruwa: sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya yi watanninsa ya janye. Wane irin ruwa ne zai cika da safe ya janye da rana ya dawo da yamma? Na ɗauka kalmar rana tana da wata ma'ana da ban sani ba. Ga shi kuma rabin labarin a kanta yake tafiya, tsohon kullum yana jiran ta ko yana tsere da ita.

Hedimasta ya ce, “Ni ma ban taɓa ganin teku ba. Amma akwai wani tsoho mai sayar da kanwa a kasuwar Haɗeja, Babarbare ne. An ce ya yi shekaru yana aiki a jiragen ruwa a Ikko. Je ka gwada shi.”

Ranar kasuwa na tafi. Na same shi a rumfarsa, dogo, siriri, da zane a fuska, yana auna wa wata mata kanwa. Na gaishe shi na jira ta tafi, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce shi ba ya karatun boko, amma Turancin jirgi ya ji shi har ya ƙoshi.

“Faɗi mu ji, ɗana.”

Na dubi takardata na karanta kamar yadda na ga an rubuta. “Ti-de.”

“Me?”

“Ti-de, Alhaji.”

“Wannan ba Turanci ba ne. Sake dubawa.”

Na ce an ce wai ruwa ne da ke tashi ya sauka sau biyu a rana. Ya saki dariya har ya dafa buhun kanwa.

“Tayid! Tayid kake nufi! Wa ya koya maka ti-de?”

“Ba kowa. Haka na gani a rubuce.”

“To ai Bature ba ya faɗin abin da ya rubuta.”

Shi dariya yake, ni kuwa ƙasa ce ta tsage a gabana. Mako biyu da rabi ina haddace kalmomi a cikin kogi da ƙarfi, ashe da yawansu ba haka ake faɗinsu ba. Ga shi kuma za a sa ni in karanta a baka. Ya ga fuskata ta canza, ya daina dariya, ya jawo mini tabarma.

Ya ce gaskiya ne, ya gani da idonsa. Da safe jirgi yana daidai da dakalin bakin ruwa, ka taka ka shiga. Da rana sai ka sauka da tsani. Ruwan ya tafi, ba wanda ya sha, ba wanda ya ɗiba, da yamma ya dawo. Ya ce masu jirgi da wata suke lissafinsa. Na ce, “Kullum?” Ya ce, “Kullum, tun da Allah Ya yi duniya.” Na shiga tunanin ƙasar da ruwa ba ya saɓa alkawari ko na yini ɗaya.

Muka bi takardata. Sai in faɗi kalma yadda na ga dama, in kwatanta inda ta fito, shi kuma ya lalubo ta a kansa. Duk abin da ya shafi jirgi ya sani: filafili, igiyar ɗaure jirgi, ƙulli, dakalin da ake tsayawa, kwashe ruwa daga cikin jirgi. Yana faɗa ina rubuta lafazin da baƙaƙen Hausa a ƙasan kowace. Waɗanda suka shafi zuciya da tunani kuwa sai ya girgiza kai.

“Waɗannan ba a faɗa mana su a jirgi. Mu umarni ake ba mu da zagi.”

Na kawo masa wata magana da ta dame ni, inda aka ce gadar ta bar tsohon “high and dry”. Kalmomin duka na san su, sama da bushewa, amma na rasa me ya kai mai fito sama.

Ya ce, “In ruwa ya janye ya bar jirgi a kan yashi, ba gaba ba baya, shi ke nan. Ana faɗa wa mutum ma. Wanda aka tafi aka bari, ba abin da zai kama.” Ya dube ni. “Kai daga fadama kake, ko? To ai ba sai an fassara muku wannan ba bana.”

Sau biyu na ƙara komawa wurinsa. Ban taɓa kai masa komai ba sai gaisuwa, don babu abin kaiwa. Shi ne ma ran ƙarshe ya ƙulla mini kanwa a tsumma ya ce in kai wa mai ciki.

A mako na huɗu na kai ƙarshen labarin. Tsohon ya haƙura ya karɓi aikin gada, aka ba shi hula da ɗan akwatin kuɗi. Amma kowace safiya kafin ya hau gadar sai ya gangara bakin ruwa ya kwashe ruwan da ya taru a cikin jirginsa, jirgin da ba mai shiga. A nan labarin ya tsaya. Na juya takarda ina neman saura, babu. Na tabbata ko dai na tsallake wani sakin layi wajen kwafa, ko akwai kalmar da ban gane ba wadda ke ɗauke da dalilin. In aka tambaye ni me ya sa yake haka, me zan ce?

Wata ranar Laraba bayan la'asar na tarar da mahaifina a zaure yana gyaran koma. Komar lafiyarta ƙalau, ba ta ga ruwa ba balle ta yage, amma kullum sai ya sauke ta ya bi ta ido-ido. Mutum ne mara yawan magana, kuma tun da aka sa ni boko bai taɓa tambayata me ake koya mana ba. Ran nan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

“Wannan abin da kake ta surutu da shi a kogi, mene ne a ciki?”

“Labari ne, Baba.”

“Tatsuniya?”

“Kusan haka. Na wani mai fito ne.”

“Turawa na da masu fito?”

Na zauna na fara ba shi da Hausa. Shi ne karo na farko da na faɗi labarin daga farko har ƙarshe, na kuma yi mamakin yadda ya fito a jere. Da na zo wurin ruwan da ke tashi sau biyu a rana ya ce, “Ikon Allah,” bai yi gardama ba. Da na zo wurin gada hannunsa ya tsaya a kan komar. Da na ce tsohon ya ƙi aikin, ya gyaɗa kai. Da na ce daga baya ya karɓa, ya mayar da idonsa kan komar. Na faɗi ƙarshen, na ce a nan ne na rasa gane kansa.

“Me ka rasa ganewa?”

“Dalilin da ya sa yake kwashe ruwan.”

“Jirgin da ruwa ke kwana a cikinsa ruɓewa yake.”

“Ai ba mai shiga, Baba.”

“To sai ya tsaya a kan gada yana kallo ya ruɓe?”

Ya faɗe ta da zafi, kamar ni na yi laifin. Can ya ce, “Wanda ya rubuta wannan, mai fito ne?”

“Ban sani ba.”

“In ba shi ba ne, to ubansa ne.”

Ya naɗe komar ya ɗaure. Sannan ya gaya mini abin da ya riga ya yanke. Masuntan garinmu guda bakwai za su tafi tafkin Chadi ranar Asabar, an ce can akwai sauran ruwa da kifi. Da su zai tafi. Na ce ya jira ko mako biyu ne, a ga yadda jarrabawa za ta kasance. Na ce shekarunsa sun wuce irin wannan tafiya. Na ce jikansa na hanya.

Ya ce, “In ka ci, bakina ɗaya ya ragu a kanka. In ka faɗi, gara a ce wani yana can yana nema. Ta kowace hanya tafiyar ce.”

“Baba, don Allah.”

“Na zauna wata biyar ina cin guminka. Ya isa.”

Ranar Asabar da hantsi muka raka su bakin hanya. Ya ɗora komarsa da gorarsa ta su a bayan wata motar ɗaukar kaya, ya hau ya zauna a kan buhu. Mahaifiyata ba ta fito ba. Bai yi mini wata doguwar wasiyya ba, cewa ya yi in kula da gida. Motar ta tashi.

Kwana tara da suka rage ban san yadda na yi su ba. In na buɗe littafin sai in ga baƙaƙen suna yawo. Na koma bango: kalma goma sha bakwai har yanzu gefensu fili, yawancinsu daga wurin da gara ta ci. Na daina cin abincin rana, ina cewa ba na jin yunwa, don a ƙara wa matata. Ta gane, ta daina ci ita ma sai na ci. Wata rana a aji na rubuta wa yara lissafi a allo, na juyo na ga suna kallona; ashe kalmomin labarin na jera musu.

An yi jarrabawar a wata firamare a Haɗeja. Mun fi arba'in, wasu da furfura, sun shekara ashirin suna koyarwa. Aka zaunar da mu a bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Lissafi ya zo da sauƙi. Takardar Ingilishi na amsa abin da na iya, na bar tambaya biyu. Dattijon da ke gefena ya rubuta sunansa, ya yi layi biyu, ya kifa kansa a tebur har aka karɓi takardu.

Bayan azahar aka fara kira ɗaya-ɗaya. Mai jarrabawar wata Ba'indiya ce, malama a kwalejin, da tabarau da farin gashi a goshi. Ta yi mini magana, ban kama ko kalma ɗaya ba. Turancinta da sauri yake, yana hawa yana sauka, ba irin na hedimasta ba, ba irin na mai kanwa ba. Na ce ta yi haƙuri ta maimaita. Ta maimaita a hankali: sunana take tambaya.

Ta miƙo littafin a buɗe ta nuna sakin layi. Na fara karantawa. Kalmomin jirgi na faɗe su yadda mai kanwa ya koya mini, na ga ta ɗago ta dube ni. Sauran na faɗe su yadda Allah Ya nufa. Sau uku tana gyara mini. Sai ta ɗora alƙalami a kan wata kalma ta ce me take nufi. “Dwindled.” Tana cikin goma sha bakwai ɗin nan. Labarin ya ce masu shiga jirgin ne suka yi haka bayan an buɗe gada. Na yi ta maza na ce fushi suka yi. Ta ce a'a, raguwa suka yi kaɗan-kaɗan. Ta rubuta wani abu. Ta nuna ta biyu, na sani. Ta uku, na yi rabi. Ta nuna maganar nan ta jirgi a kan yashi, na faɗi ma'anarta ta jirgi da ta mutum.

Sai ta rufe littafin ta ce me ya sa tsohon yake kwashe ruwa daga jirgin da ba ya aiki.

Na san amsar da Hausa. Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara da Ingilishi. Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su kamar mai ɗinkin tsumma. Na ce in ruwa ya kwana a ciki katako zai lalace. Na ce daga kan gada yana ganin jirgin kullum. Na ce ba zai iya tsayawa yana kallo ba. Na so in ƙara wani abu, kalmomin suka ƙare, na tsaya da baki buɗe. Ta jira kaɗan. Ba ta yi murmushi ba, ba ta ɓata rai ba. Ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta ce in turo na gaba.

Na fito na zauna a bakin rijiyar makarantar. Ban iya cewa na ci ko na faɗi ba.

Sakamako ya yi mako bakwai bai fito ba. Da ya zo, hedimasta ya aiko a kira ni daga aji. Sunaye goma sha biyu aka ɗauka, ya karanta su sau biyu, babu nawa. A ƙasa akwai wasu huɗu da aka ce su jira ko wani zai fasa. Ni ne na biyu a cikinsu.

“Jira har yaushe, ranka ya daɗe?”

“Ba su faɗa ba.”

Ƙarshen shekara ya zo aka ba ni takardar sallama tare da albashin ƙarshe. Na miƙa alli da rajista. Washegari na ɗauki fartanya na bi masu tonon gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka in ruwa ya ƙafe. Sai ka yi ta bubbuga busasshiyar ƙasa kana saurare, in ka ji wurin ya yi amo ka tona. Wata rana in samo biyu, wata rana in dawo hannu wofi. Yaran da na koyar suna wucewa suna gaishe ni, “Sannu, Malam,” ina tsugune cikin rami. Daga Chadi ba labari.

Matata ta haihu ranar wata Talata, mace. Kwana huɗu bayan haka ina fadama sai ga masinjan ofishin ilimi a keke, yana tambayar inda malam yake. Na fito daga rami da laka har gwiwa na karɓi takardar. Mutum biyu sun fasa: ɗaya ya samu aiki a Kano, ɗaya rashin lafiya ta kwantar da shi. Ana so in bayyana a kwaleji cikin mako guda, albashi kuma zai dawo daga watan da na shiga. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa, sannan na zauna daɓas a ƙasa. Masinjan ya zaci mutuwa aka yi, ya fara yi mini ta'aziyya.

Aka yi suna ba rago, kawuna ne ya kawo ɗan akuya. A gidanmu kaka ne ke zaɓa wa jikan fari suna, to ga shi ba ya nan, sai liman ya raɗa mata na mahaifiyata. Kashegari na ɗaure akwatina na hau mota.

Kafin in tafi na ba wani falke mai sayo bandar kifi daga Chadi saƙo: in ya ga mahaifina ya gaya masa an haihu lafiya, mace, kuma an ɗauke ni. Saƙon ya yi wata uku kafin ya same shi a wani tsibiri, amsar kuma ta yi wata biyu a hanya. Ina gida hutu falken ya zo da ƙaramin kwandon banda, ya ce mahaifina yana nan da rai, ya rame, ƙafa na damunsa, amma yana kamu, ba zai dawo ba sai ruwa ya dawo. Ya kuma aiko da sunan da yake so a sa wa yarinyar. A lokacin har ta fara zama. Mahaifiyata ta ce ba a mayar da sunan da ya yi irin wannan tafiya, sai muka riƙa kiran ta da shi a gida.